Dogon ko gajeren: wa za ku ɗauka a lamba shida?

Baban Khalifa:
Salamu alaikum jama'a. Zaɓen Yuli, wanda manyan ƙungiyoyin besbol na Amurka ke ɗaukar sababbin 'yan wasa a cikinsa, ya ƙarato, ga kuma wata magana da ta hana ni sakat tun ranar Asabar. Na kai Khalifa gasar besbol ta 'yan sakandare a bayan garin Dallas. Nasa wasan na safe ne, amma muka zauna har la'asar, don na ga masu farautar 'yan wasa sun cika bayan raga, kowa da agogon awo a wuya da ɗan littafi a cinya. Yara biyu suka zo gani, dukkansu lamba shida.

Ɗaya gajere ne siriri, in ya wuce ka a hanya ba za ka waiga ba. Amma ƙwallo ba ta shammatarsa. Kafin ta iso ya riga ya tsaya inda za ta faɗo, ya ɗauke ta kamar mai tsintar goro a faifai, ya aika. Sai dai in ya riƙe kulki, ƙwallon da kyar take tsallake kan na zango na biyu. Ɗayan kuwa dogo ne, zai kai ƙafa shida da inci uku. In ya daki ƙwallo, ko kana sayen ruwa a baya sai ka juyo, ƙarar daban take. Amma a gabana ya yi kuskure biyu.

To a ce kai ne da zaɓi a zagayen farko, wa za ka ɗauka?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Yayye a yi mini uzuri, ni sabon shiga ne, daga Kano nake bin wasan nan a waya. Lamba shida ɗin nan irin tamu ce ta ƙwallon ƙafa? Kuma shi zaɓen yaya ake yinsa?

Ɗan Lissafi:
Barka da zuwa. Kowane gurbi a fili yana da lamba: mai jifa 1, mai cafka 2, zangon farko 3, na biyu 4, na uku 5. Shi shotstop, wanda ke tsayawa tsakanin zango na biyu da na uku, shi ne 6. Ba ka yi nisa ba da ka kwatanta shi da mai tare tsakiya, don ƙwallon da ke gangarowa a ƙasa ta yawaita bi ta wajensa. Tsakanin zango da zango ƙafa 90 ne, kuma matsakaicin mai gudu da ke bugu da dama yana isa zangon farko cikin daƙiƙa 4.3. A cikin wannan ɗan lokacin zai taro ƙwallo, ya gyara ƙafa, ya yi jifa mai nisa ta isa kafin mai gudu.

Zaɓen kuma tun 1965 ake yinsa. Yanzu zagaye 20 ne, a watan Yuli. Ƙungiyoyin da suka sha kashi bara su ke fara ɗauka, sai dai gurabe shida na farko ƙuri'a ake jefawa tun daga zaɓen 2023. 'Yan Amurka da Kanada da Puerto Rico ne ke shiga: wanda ya gama sakandare, ko wanda ya yi shekara uku a jami'a. Yaran Jamhuriyar Dominika da Benezuwela ba sa ciki, su tun suna shekara 16 ake sa musu hannu kai tsaye.

Amsata ga Baban Khalifa: dogon. Ko tunani ba sai na yi ba.

Alhaji na Bronx:
Kai yaro, ko tunani ba sai ka yi ba? Mutum ya ce maka a gabansa yaron ya zubar da biyu. Lamba shida amana ce. Ni gajeren zan ɗauka in yi barci da minshari. Ozzie Smith a zagaye na huɗu Padres suka ɗauke shi a 1977, ba wanda ya ɗauke shi don kulki, ya tashi da kyautar safar zinare, wadda ake ba gwanin tsaro, har sau 13. Wanda ya iya tsaron wurin nan ba ya rasa aiki.

Ɗan Lissafi:
Allah ya ƙara girma Alhaji, amma Ozzie guda nawa aka yi? Kuma kai da bakinka ka ce zagaye na huɗu. Tambayar zagayen farko aka yi.

Ga abin da nake so a gane. A kowace sakandare a Amurka, yaron da ya fi kowa iya wasa, in dai da dama yake jifa, lamba shida ake sa shi. Saboda haka sunan da ake kira ranar zaɓe ba alkawari ba ne. Chipper Jones na ɗaya ne a 1990, a matsayin lamba shida, ya ƙare a zango na uku. Justin Upton na ɗaya a 2005, tun bai je ko'ina ba aka mai da shi bayan fili. Dubi 2015 ma, ukun farko duk lamba shida: Dansby Swanson, Alex Bregman, Brendan Rodgers. Swanson kaɗai ya zauna a wurin. Bregman ya koma na uku saboda a lokacin Carlos Correa ne ke riƙe da shida a Houston, Rodgers ya koma na biyu. Jackson Merrill da Padres suka ɗauka na 27 a 2021, a tsakiyar bayan fili ya fara babban rukuni, wato gasar manya, a 2024, kuma ba wanda ya yi kuka.

In dogon ya kasa zama a shida, zai sauka na uku ko bayan fili, kulkinsa ya ciyar da shi. In gajeren ya kasa bugu, ina zai sauka? Benci.

Maman Ilham:
Ni dai ina nan Baltimore ina dariya, don wannan gardamar a gidanmu aka haife ta. Cal Ripken ƙafa shida da inci huɗu ne, a zagaye na biyu muka ɗauke shi a 1978, ƙungiyoyi da yawa ma mai jifa suke ganinsa. Da Earl Weaver ya mai da shi lamba shida a 1982 aka yi ta cewa ya yi girma da wurin. Sauran labarin kowa ya sani. Gunnar Henderson na 42 muka samu a 2019, shi ma ana ta cewa na uku zai koma. Corey Seager da Dodgers suka ɗauka na 18 a 2012, haka aka yi ta faɗa a kansa, ga shi ya ɗauki gwarzon gasar ƙarshe sau biyu yana lamba shida, 2020 da 2023. Don Allah a daina yanke wa yaro hukunci da tsawonsa.

Amma Ɗan Lissafi kada ka ce na bi bayanka gaba ɗaya. Kulkin sakandare yana yaudara. Na ƙarfe ne, masu jifan kuma rabinsu ba za su ƙara taɓa ƙwallo ba bayan sun gama makaranta.

Tsohon Gola:
Kun yi ta magana ba wanda ya yi tambayar da ta kamata. Baban Khalifa, kuskuren nan biyu wane iri ne? Ni shekara goma na yi ina tsaron gida a filin da rabinsa tsakuwa ne kafin in zo ƙasar nan, yanzu kuma ina taya horar da ƙananan yara besbol a unguwarmu. Golan da aka ci saboda ya yi tsalle ya taɓa ƙwallo ta kuɓuce daban, golan da aka ci yana tsaye kamar turke daban. A takarda duk ci ɗaya ne.

Baban Khalifa:
Madalla da wannan tambaya. Na farko, ƙwallo ce aka buga can cikin rami, tsakaninsa da na zango na uku. Ya bi ta da gudu, ya kamo ta da bayan safa, ya juya ya jefa bai tsaya ba, ta wuce saman kan na zangon farko ta shiga cikin 'yan kallo. Gaskiya ban yi zaton zai ma kai gare ta ba. Na biyun shi ne ya dame ni. Mai sauƙi ce, tana gangarowa a hankali kai tsaye gare shi. Sai ya tsaya yana jiranta, diddige a ƙasa, ta yi ɗan tsalle a gabansa ta doke shi a ƙirji.

Tsohon Gola:
Yauwa. Na farkon ba kuskure ba ne a wurina, talla ce. Ya nuna yana da faɗin taku kuma hannunsa na kaiwa daga rami. Saiti ana koya. Da gajeren ne wataƙila ba zai taɓa ta ba, a rubuta wa mai bugu ya samu, shi kuma takardarsa fes.

Na biyun ne abin dubawa. Ƙwallon ƙasa tana da wuri biyu masu daɗin kamu: lokacin da take saukowa daga tsalle, ko daidai lokacin da ta taɓa ƙasa kafin ta tashi. Tsakanin nan biyu shi ne mugun wuri, kuma ƙafa ce ke zaɓa maka inda za ku haɗu, ba hannu ba. Wanda ya tsaya jira, ƙwallo ce ta zaɓa masa. Shi ya sa nake gaya wa yarana, safa ba ta kama komai, ƙafa ke kamawa. In ka zauna kusa da tsofaffin masu farauta za ka ga ba ƙwallon suke bi da ido ba. Yaron suke kallo tun kafin a yi jifa: yana kan yatsun ƙafa? Takunsa na farko ina ya nufa? Ya san mai gudun nan mai sauri ne ko mai nauyi? Akwai wanda agogo ke cikin kansa, in mai nauyi ne ya bi a hankali, in mai sauri ne ya ƙara wuta, kullum ƙwallonsa na riga mai gudu da taku ɗaya. Wannan agogon ne ban taɓa iya koya wa kowa ba. Ko dai yaro ya zo da shi ko babu.

To sau ɗaya dogon ya tsaya jira, ko ɗabi'arsa ce? Wasa ɗaya ba zai gaya maka ba.

Ɗan Lissafi:
Alhaji, tunda maganar kuskure ake, in tuna maka wani yaro? Kalamazoo ta jihar Michigan, na shida a zaɓen 1992. A 1993 a Greensboro, a ƙaramin rukuni, kuskure 56 ya yi a kaka ɗaya. Da kai ne mai ƙungiya da ka kore shi?

Alhaji na Bronx:
Ka ga ɗan nema! Derek Jeter na Yankees za ka kawo mini? Ni da na shaida kofin da suka ɗauka da shi a 1996, ina tuƙin tasi ina jin rediyo, fasinja na magana ban ma san yana yi ba. To ai labarin Jeter nawa ne, ba naka ba. Hal Newhouser, tsohon mai jifa, shi ya yi ta bin yaron nan yana kallonsa, ya ce wa Astros su ɗauke shi na ɗaya. Suka ƙi, suka ɗauki Phil Nevin ɗan jami'a. Dattijon ya ajiye musu aikinsu. Ba kwamfuta ce ta nuna masa ba, ido ne da zama a kan benci cikin sanyin Michigan. Ku yaran yanzu kuna so ku auna mutum kamar buhun masara.

Ɗan Lissafi:
Ban musa ido ba Alhaji. Amma abin da ya kai Jeter inda ya kai bugu 3,465 ne. Safar zinare biyar ɗin nan kuwa, in na kawo abin da alƙaluman tsaro suka ce a kanta za a cire ni daga zauren nan.

Alhaji na Bronx:
Za a cire ka kuwa. Ni zan sa a cire ka.

Maman Ilham:
Alhaji a yi haƙuri, yaro ne.

Ɗan Fagge:
Ina ƙaruwa wallahi. Amma me suke rubutawa a littafin nan? Maki ne?

Ɗan Lissafi:
Maki ne, daga 20 zuwa 80, 50 shi ne matsakaicin ɗan babban rukuni. Abu biyar ake ba wa: iya bugu, ƙarfin bugu, gudu, kamu, da hannu. Kowanne kuma ana rubuta biyu, inda yake yau da inda ake ganin zai kai. A na biyun nan ake cin amana, don hasashe ne. Gudu da hannu ba su da wuya, agogo da na'urar awon gudu sun gama magana. Masyn Winn ya yi jifa daga lamba shida da ya haura mil 100 a sa'a a wasan matasa na 2022, wannan ba ya buƙatar gardama. Andrelton Simmons ma da Braves suka ɗauka a zagaye na biyu a 2010, saboda hannunsa wasu mai jifa suka so su mai da shi. Iya bugu ne makin da ya fi kayar da kowa.

Shi ya sa ake rububin ganin yaro lokacin bazara, inda zai haɗu da tsaransa na gaske. 'Yan sakandare a irin su Area Code Games, 'yan jami'a a gasar Cape Cod inda da kulkin katako ake bugu. Tun 2021 kuma hukumar wasan da kanta take tara su ta auna su kafin zaɓe. Ni abin da nake fara dubawa shi ne sau nawa yake kai duka ya sami iska, kuma yana bin ƙwallon da ta fita hanya ko yana ƙyale ta. Jacob Wilson da Athletics suka ɗauka na shida a 2023, a shekararsa ta ƙarshe a jami'ar Grand Canyon sau biyar kacal aka fitar da shi da jifa. Irin wannan ba ya ɓuya.

Maman Ilham:
Ko wanda kowa ya yarda da shi sai ya sha wuya. Jackson Holliday na ɗaya ne a 2022, an ba shi dala miliyan 8.19, ya ratsa ƙananan rukunai kamar wuƙa a man shanu. Da aka hawo da shi a Afrilun 2024, bugu 2 ya samu cikin 34, aka mai da shi ƙasa. Kuma a zango na biyu ya buga, don Gunnar ya riƙe shida. Haka aka yi wa Machado a 2012, aka sa shi na uku saboda J.J. Hardy. Wani lokacin ba yaron ne ya kasa ba, wurin ne da mai shi.

Baban Khalifa:
Jama'a na koma na duba takardar gasar da aka raba mana a ƙofa. Akwai abin da ban lura da shi ba. Gajeren ya cika 19 tun watan jiya. Dogon sai ƙarshen shekara zai cika 18.

Ɗan Lissafi:
To magana ta ƙare. Fiye da shekara ɗaya tsakaninsu! Rany Jazayerli ya yi bincike kan wannan a 2011, ya nuna masu bugu 'yan sakandare da aka ɗauka da ƙarancin shekaru sun fi waɗanda suka girme su amfani nesa ba kusa ba. Mike Trout yana 17 aka ɗauke shi, Correa 17, Lindor 17. Eli Willits da Nationals suka ɗauka na ɗaya a 2025 shi ma 17. Ɗan 19 da ke wasa da 'yan 17 dole ya yi kyau a ido. Gajeren nan abin da ka gani shi ne shi, ya gama nuna. Dogon bai ma gama sanin tsawon ƙafafunsa ba.

Tsohon Gola:
A hankali dai. Bobby Witt Jr. saura kwanaki ya cika 19 lokacin da Royals suka ɗauke shi na biyu a 2019, daga Colleyville, nan kusa da su Baban Khalifa. An yi ta wannan surutun, ya tsufa, yana dukan iska. A 2024 shi ya fi kowa yawan samun bugu, .332, yana kuma tsaron shida. Shekaru awo ne na taro, ba na mutum ɗaya ba. Sannan ƙuruciyar dogon takobi ce mai kaifi biyu: jikin da bai gama girma ba zai iya ƙara nauyi ya rasa takun farko. Kuma tun 2023 da aka hana tara masu tsaro a gefe ɗaya, dole biyu su tsaya kowane ɓangare na zango na biyu, ba inda za ka ɓoye mai nauyin ƙafa kamar da.

In kana so ka san yadda jikin yaro zai zama, dubi kafaɗarsa da ƙugunsa, in da hali ka dubi babansa a cikin 'yan kallo. Ba wasa nake ba, suna yi.

Maman Ilham:
Akwai kuma abin da ba a gani a fili, kuɗi. Kowane gurbi da farashinsa, kowace ƙungiya da iyakar abin da za ta kashe. A 2012 farashin na ɗaya dala miliyan 7.2 ne, Correa ya karɓi 4.8, Astros suka ɗauki rarar suka jawo Lance McCullers da ita. Ɗan sakandare yana da makami, zai iya cewa in ba ku biya ba jami'a zan tafi. To dogon nan zai yi tsada. Gajeren mai 19 wataƙila gara ma ya tafi jami'ar, ya nuna yana iya bugu, ya dawo da daraja.

Alhaji na Bronx:
Kuɗin nan shi ke sa a yi abin kunya. 2004 Padres suka ɗauki Matt Bush ɗan garinsu, lamba shida, na ɗaya, suka bar Justin Verlander, mai jifan da ya zama tauraro, ya tafi Detroit. Yaron bai iya bugu ba, daga baya mai jifa ya koma, sai 2016 ya taka babban rukuni. 2008 Rays suka ɗauki Tim Beckham, shi ma lamba shida ɗan sakandare mai alamun komai da komai, Buster Posey, wanda shi ma ya zama tauraro, na zaune har na biyar. Ɗan Lissafi, waɗannan ma ai irin dogon naka ne, an ga jiki an ga ƙuruciya an ce zai yi. Zai yi, zai yi, har aka tashi kasuwa.

Ɗan Lissafi:
Bush ba dogo ba ne Alhaji, kuma hannu aka gani a wurinsa, ba kulki ba. In ma misali ne, naka ne.

Alhaji na Bronx:
Kai dai ba a kayar da kai. Na ji, a zagayen farko ku ɗauki dogonku. Amma in na dawo a zagaye na uku na tarar da gajeren, nawa ne, kuma ranar da mai jifanku ke neman wanda zai fitar masa da biyu a tashi ɗaya kada ku zo aro.

Ɗan Fagge:
Tambaya ta ƙarshe, akwai ɗan Afirka da ya taɓa buga wurin nan?

Maman Ilham:
Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu. Lamba shida ya taso a ƙananan rukunan Pirates, ya shekara kusan tara a can kafin a hawo da shi a Afrilun 2017, kuma a tsayuwarsa ta farko ya samu bugu. Shi ba ta zaɓe ya shiga ba. Irin gajeren Alhaji ne sak, safa kamar maganaɗisu, kulkin ne bai riƙe shi a sama ba.

Alhaji na Bronx:
Hajiya har da ke?

Tsohon Gola:
Baban Khalifa, yaushe za su sake bugawa?

Baban Khalifa:
Asabar mai zuwa, filin dai na ranar nan, dogon da ƙarfe goma.

Tsohon Gola:
To ka je da wuri, tun suna ɗumama jiki. Kada ka zauna bayan raga inda kowa yake, ka koma gefen zango na uku. Ka kafa wayarka a kansa shi kaɗai, daga gwiwa zuwa ƙasa, ko ƙwallo ta tafi wani wuri kada ka bi ta. Jifa ashirin a jere nake so, har da waɗanda ba a buga masa komai ba. Ka turo mini nan.

Baban Khalifa:
An gama, in sha Allahu. Sai dai Khalifa ya karanta duk abin nan a wayata, yanzu yana tsakar falo da safa yana tambaya ko shi ma diddigensa na taɓa ƙasa.

Tsohon Gola:
Shi ma ka ɗauko mini nasa.